Husufin da Shekwolo Bai Gani Ba

Malam Shekwolo Zamani ya fara koyar da lissafi da kimiyya a wata sakandaren maza a Minna a shekarar 1961, yana da shekara ashirin da tara. Ɗan Garatu ne, ɗan manomin doya, kuma shi ne na farko a danginsu da ya taka jami'a. A Ibadan ya kamu da son ilmin sararin sama. Da farko 'yan'uwansa sun ɗauka duba ya koyo, har wata gwaggonsa ta zo ya gano mata wanda ya sace mata akuya. Ya yi ta bayani cewa aikin na auna rana da taurari ne da lissafa tafiyarsu, ba na gano ɓarawo ba. Burinsa guda ne tun daga lokacin: ya samu horo a ɗaya daga cikin manyan gidajen duban taurari na ƙasashen waje, ya dawo ya zama mai bincike.

Wani Bature malamin makarantar da zai koma gida ya bar masa ƙaramin madubin hangen nesa mai ƙafa uku. Kullum idan ɗalibai sun fita tara, sai ya ɗauke shi zuwa bayan ɗakin gwaje-gwaje ya saita shi ga rana. Ba ya leƙawa da ido, don hakan makanta ne. Yakan bar hoton ranar ya sauka a kan farar takarda, ya zana baƙaƙen tabban da ke fuskarta da fensir, ya rubuta lokaci. Ƙarshen wata ya haɗa zanen ya aika wa wata cibiya a Turai mai tattara irinsu daga ko'ina a duniya. Akwai watannin da rana ke fitowa fes ba tabo ko ɗaya, duk da haka yakan zana da'ira wayam ya aika.

A hutun Agusta na 1963 wani baƙo ya sauka daga jirgin ƙasan Zariya ya nemi gidansa a Limawa. Dakta Edward Tsado ne, Banufe, malamin jami'a da bai daɗe da dawowa daga Ingila ba. Dogo ne mai fara'a, yana magana yana taɓa kafaɗar mutum. Matar Shekwolo, Elizabet, 'yar Kagoro mai aikin ungozoma a asibiti, ta kawo masu sakwara da miyar agushi. Dakta ya ci ya yaba, sannan ya buɗe jakarsa.

"Malam Shekwolo, a can Turai na ga sunanka. Na ce wai akwai mai wannan aiki a Minna, ban san shi ba? Mun kafa ƙungiyar masu binciken sararin sama, da kai mu tara ne kacal a ƙasar nan. Wata gidauniya ta yarda za ta riƙa ɗaukar mana mutum biyu duk shekara, horo na shekara uku."

Shekwolo ya ajiye kofin ruwan da ke hannunsa. "Dakta, ina fom ɗin?"

Dakta ya yi dariya. "Fom ai sai an samu mai buga shi. Abin da ya kawo ni ke nan. Ba mu da sakatare. Minna tana tsakiya, na Ibadan da na Zariya duk jirginsu ta nan yake bi. Ka riƙe mana ofis bana mu tsaya da ƙafafunmu, baɗi kai ne na farko. Babu albashi, hidima ce."

"Na yarda."

Da baƙon ya tafi, Elizabet tana kwashe kwanuka ta ce, "Baban Yona, ko tambaya ɗaya ba ka yi masa ba."

"Wace tambaya, Maman Yona? Mutum ya taso tun daga Zariya."

"Me ya sa ba za ka fara tafiya ba, wani ya riƙe ofishin?"

Ya ce ba haka ake yi ba. Ta fita da kwanukan.

Ofishin ƙungiya ya zama teburin cin abincinsu. Ya sayi tsohuwar tafireta a hannun wani akawun tashar jirgi, ya koyi buga ta da yatsa biyu. Shi ke rubuta wa gidauniya, shi ke aika fom zuwa jami'o'i, shi ke bin waɗanda suka cike shi ba daidai ba. Shi ke neman takardar likita da fasfo da wurin kwana ga wanda aka zaɓa. Taron shekara a ajinsa ake yi lokacin hutu, shi ke jera kujeru, shi ke tarbar kowa a tasha, bayan an watse ya zauna ya buga bayanin taro kwafi tara.

Gurbin 1964 ɗaliban Dakta biyu suka samu. Dakta ya ce gidauniya tana son ta fara da matasa, kuma ba zai yi kyau sakatare ya zaɓi kansa a karon farko ba. Shekwolo ya ga gaskiyar maganar.

A 1965 shi da kansa ya kawo sunan Jiya Alfa. Jiya ɗalibinsa ne a shekararsa ta farko a Minna, yanzu ya gama jami'a da sakamako mai kyau, amma bai iya rubuta wasiƙar neman gurbi ba. Ya zo Limawa ya yi kwana uku, Shekwolo na gyara masa jimla bayan jimla. A taron shekarar aka tsaya a kan sunaye uku: wani ɗan Ibadan, da Jiya, da Shekwolo. Gurbi biyu ne, ɗan Ibadan ya riga ya samu ɗaya. Dakta ya dube shi ya ce, "Sakatare, ɗalibinka ne. Kai za ka faɗa." Mutum takwas suka zuba masa ido. Ya ce a ba Jiya, shi zai jira baɗi.

A wannan taron ne kuma aka karanta wasiƙar gidauniya cewa tana son a sa iyakar shekaru. Aka yi ta ja, wasu na cewa talatin, wasu arba'in. Dakta ya yanke a talatin da biyar.

"Shekarunka nawa, Sakatare?"

"Talatin da uku."

"To ai kana da sarari. Baɗi ne naka, kowa ya ji."

Kowa ya ce ya ji. Shekwolo ya buga dokar da hannunsa, sashe na huɗu, ya aika.

Baɗin ita ce 1966. Cikin watanni kaɗan ƙasa ta hargitse. Ma'ajin ƙungiya da wasu mambobi uku 'yan Gabas ne, suka tattara iyalansu suka tafi. Ɗayansu ya ratsa ta Minna a jirgin da ya cika har kan rufi. Shekwolo ya je tasha da burodi da ruwa, ya miƙa masa ta taga, ba su samu yin wata magana ba. Gidauniya ta rubuto cewa ta dakatar da ɗaukar mutane sai ƙura ta lafa. Da yaƙi ya ɓarke a 1967, mambobi biyar suka rage, kuma babu mai amsa wasiƙa a cikinsu.

Shi bai daina ba. Duk wata uku yakan rubuta wa gidauniya cewa ƙungiya na nan da rai, ya haɗa da rahoton abin da aka yi, ko da abin da aka yi ɗin zanen ranarsa ne kawai. A shekarun nan tabban rana suka yawaita, wani lokaci rukuni bakwai ko takwas a rana guda, har tara ba ta isarsa ya gama zane. Ya riƙa rubuta wa waɗanda ke waje yana ƙarfafa masu gwiwa. Da mahaifin Jiya ya rasu a Beji, shi ya je ya tsaya a madadinsa har aka yi sadakar uku.

Gidauniya ta sake buɗe ƙofa a 1968, kuma ta faɗa a wasiƙarta cewa rahotannin sakatare ne suka sa ba ta soke shirin ba. Ya cike fom ɗinsa a zama ɗaya, ya hau jirgi ya kai wa Dakta har ofis a Zariya don ya sa hannu. Dakta ya karanta, ya cire tabarau, ya murza ido.

"Talatin da shida."

"Dakta, shekara biyun da suka wuce ai ba a ɗauki kowa ba."

"Na sani. Wa ya fi ni sani? Amma sashe na huɗu ne, kai ka buga shi. Idan muka karya doka saboda sakatare, me za su ɗauke mu?"

"A tambaye su mana. Ba karyawa na ce ba, tambaya."

"Zan tambaya. Ka bar mini fom ɗin."

Bayan wata huɗu Dakta ya rubuto layi uku: ya yi iya ƙoƙarinsa, abin bai yiwu ba, Allah ya sa haka ya fi alheri. A ƙasan takardar ya tuna masa cewa fom na sababbin masu nema ya kamata ya fita kafin Kirsimeti.

Elizabet ta karanta wasiƙar a tsaye da kayan aikinta a jiki. "Ka mayar masu da tafiretarsu."

"Tafireta tawa ce."

"To ka mayar masu da takardunsu, mu ci abinci a kan teburinmu kamar mutane. Shekara biyar kana yi wa 'ya'yan wasu hanya. Yona ya zo da lissafinsa, ka ce ya bari sai ka gama wasiƙa."

"In na bari, wa zai yi?"

"Wannan ai su za su tambayi kansu."

Bai mayar ba. Ya buga fom ya aika kafin Kirsimeti. Abin da ya canza shi ne ya rage magana. A aji ya zama mai saurin fushi, ɗalibai suka daina tambayarsa abin da ba ya cikin littafi. Shekara huɗu suka ƙara wucewa a haka, yana raka mutum biyu tasha duk Satumba.

A watan Maris na 1973 Jiya ya zo Limawa. Ya zama Dakta Jiya Alfa, yana koyarwa a jami'a, ya yi ƙiba kaɗan. Ya durƙusa ya gai da Elizabet kamar dā, ya ƙi zama a kujera sai da aka matsa masa.

"Malam, ka san husufin rana na ƙarshen Yuni."

"Ranar talatin. A nan Minna rabi da wani abu za mu gani, in hadari ya bari."

"A arewacin Agadas rana za ta rufe ruf, fiye da minti shida. Ayarin jami'ar da na yi karatu za su zo, ina cikinsu. Na samo maka wuri." Ya sunkuyar da kai. "Sai dai kujerun masana sun cika. Tafinta suke nema, mai Hausa da Turanci, wanda zai kula da ruwa da abinci da ma'aikata. Na ce masu ina da mutum."

Elizabet ta buɗe baki, Shekwolo ya riga ta. "Zan je."

Suka hau jirgi zuwa Kano, daga can manyan motoci uku zuwa Damagaram, sannan Agadas. Shekarar fari ce. Tun daga kan iyaka suke wuce gawarwakin shanu da raƙuma a bakin hanya, mutane na tare motar da ƙwarya suna neman ruwa. Suka kafa tantuna kusa da wani ƙauye a gindin duwatsu. Mako uku Shekwolo na ciniki da masu jakunan ruwa, yana raba faɗa tsakanin kuku da direbobi, yana yi wa mai gari bayanin abin da Turawa ke nema da bututun ƙarfe a saman tudu. Jiya ya gabatar da shi da sunan Malam, kowa ya kama kiransa Malam. Idan masana na gardama a kan saitin na'ura yakan tsaya daga baya da butar shayi yana ji. Sau biyu ya san amsar, ya ci gaba da zuba masu shayi.

Ana jibi husufi, agogon lantarkin da zai riƙa ba masu ɗaukar hoto lokaci ya lalace saboda yashi. Jiya ya same shi a bayan tantin girki.

"Malam, dole mutum ya ƙirga mana sakan da baki, da ƙarfi, daga farko har ƙarshe. Gilasan hoto goma sha biyu za mu buɗe, kowanne da lokacinsa. In aka tsallake sakan ɗaya, aikin shekara biyu ya tafi. Babu wanda na yarda da shi kamar kai."

"Mai ƙirga yana iya ɗaga kai?"

"Gara kada ya ɗaga."

Ranar Asabar da tsakar rana suka zaunar da shi a kan akwati, bayansa ga na'urorin, agogon hannu a tafinsa, ƙaramar tocila a ɗaya hannun. Mutanen ƙauye sun taru a bayan igiyar da shi ya ɗaura. Haske ya yi ta raguwa yana komawa kamar ruwan toka. Iska mai sanyi ta taso, ya ji ta a ƙeyarsa. Sai shugabar ayarin, wata dattijuwar Baturiya, ta ɗaga murya ta ce a fara.

Ya fara. Ɗaya, biyu, uku. Duhu ya sauka a kan yashin da ke gabansa. Ya ji mata sun saki guɗa da kuka a haɗe, maza na salati, jakuna na ta kuka. Ya ji wani Bature a bayansa yana kiran sunan Allah a hankali, yana maimaitawa. A sakan na ɗari biyu wuyansa ya fara ɗagawa da kansa, ya danne shi, ya matso da tocila kusa da agogo. Muryarsa ba ta yi rawa ba. Ya ƙirga ɗari uku da casa'in da ɗaya, haske ya tsargo ta gefen yashi, aka ce a rufe.

Suka rungumi juna, Jiya na share hawaye. Ya zo ya kama hannun Shekwolo da hannu biyu ya ce ko sakan ɗaya bai kuskure ba. Shekwolo ya miƙa masa agogon, ya tafi ya duba ko kuku ya ɗora abinci.

Da la'asar dattijuwar ta kira shi tantinta. Tana rubuta sunayen waɗanda za a gode wa a rahoto, tana son cikakken sunansa.

"Shekwolo Zamani."

Ta dakata da rubutu. "Zamani na Minna? Mai zanen tabban rana?"

"Ni ne."

"Mako uku kana kawo mini shayi! Shekara goma sha biyu ina amfani da zanenka. Babu wanda ke aiko mana daga wannan yanki a kai a kai sai kai." Ta jawo masa kujera. "To gaya mini, me ya sa ka ƙi mu?"

Bai gane ba, ya ce ta sake faɗa.

"A 1968. Ina cikin kwamitin gidauniya a lokacin. Mun ga shekarunka sun haura da ɗaya, muka rubuta wa shugabanku cewa mun ɗage maka dokar, ka zo. Ni na ce zan karɓe ka a wurina. Ya amsa cewa ka gode, amma ba za ka iya barin iyalinka ba. Na ji haushi ƙwarai."

Shekwolo ya zauna a kujerar. Ya tambaye ta ko har yanzu da hali. Ta gaya masa gaskiya: ita baɗi za ta yi ritaya, kwamitin ya canza hannu, kuma mai shekara arba'in da ɗaya ba za su ko duba takardarsa ba. Ta ce za ta aiko masa da hoton husufin idan an wanke. Ya yi godiya, ya fita, don masu jakunan ruwa na jiransa.

Bai gaya wa Jiya ba sai a jirgi tsakanin Kano da Kaduna. Jiya ya rantse bai sani ba, kuma Shekwolo ya yarda da shi. Elizabet kuwa da ta ji, ba ta ce ai na faɗa maka ba. Ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa, ya ji tana kuka.

Taron shekara ya zo a Agusta. Ya jera kujeru kamar kullum, ya je tasha ya tarbi baƙi. Dakta Tsado, wanda yanzu Farfesa ne, a motarsa ya zo. Shekwolo ya tare shi a ƙarƙashin mangwaron da ke gaban ajin kafin ya shiga.

"Farfesa, na haɗu da matar da ta rubuto maka a 1968."

Farfesa ya tsaya da jakarsa a hannu. Bai yi musu ba, bai ma nuna mamaki sosai ba.

"Na san wata rana za ka ji."

"Ka ce masu ba zan iya barin iyalina ba. Ka tambayi iyalina?"

"Ban tambaya ba. Malam Shekwolo, ka tuna yadda muke a lokacin. Mu biyar, ana yaƙi, babu mai buga wasiƙa ɗaya sai kai. Da ka tafi shekara uku, da ka dawo ka tarar babu ƙungiya, babu gidauniya. Na auna mutum ɗaya da waɗanda ke tafe a baya. Mutum goma sha huɗu suka je ta hannunka. Ni ban taɓa horar da goma sha huɗu ba."

"Cikin goma sha huɗun, nawa ke duban sama yau?"

Farfesa ya kau da kai.

"Ni zan gaya maka, ni ke da adireshinsu. Uku. Biyar ba su dawo ba. Sauran suna kamfanin mai da banki da ofisoshin gwamnati. Ni da na je, da na dawo, kuma da wannan aikin zan yi har in mutu. Ka san haka."

"Na sani. Shi ya sa na san ko an hana ka ba za ka bar mu ba."

Shekwolo ya dube shi. Mutumin ya faɗi maganar ne a natse, kamar yabo yake yi.

"Da ka gaya mini gaskiya, ka roƙe ni in zauna, wataƙila da na zauna."

"Wataƙila. Ban iya ɗaukar wataƙila ba a lokacin." Farfesa ya ɗora hannu a kafaɗarsa. "Bana za mu naɗa ka mataimakin shugaba. Na riga na yi magana da kowa."

Shekwolo ya sauke hannun daga kafaɗarsa. Ya shiga aji ya karanta bayanin taron bara daga farko har ƙarshe, ya sanar cewa ya ajiye aikin sakatare daga ranar, ya fita ya bar su. Da yamma ya zuba takardun shekara goma a kwalaye huɗu, ya ɗauki mai kura ya kai su tasha, ya damƙa wa Jiya. Aka naɗa wani matashin malami a Zariya a madadinsa.

A farkon Disamba, ranar wata Asabar da hantsi, wata budurwa ta yi sallama a gidan. Ta ce sunanta Halimatu, 'yar Minna ce, tana shekarar ƙarshe a jami'a tana karanta kimiyya. An gaya mata Malam Shekwolo ne ke taimaka wa masu neman horon taurari. Elizabet ta shigo da ita, ta kawo mata ruwa.

"Ba ni ba ne yanzu," in ji shi. "Ki rubuta wa sakatare a Zariya."

"Malam, sau uku na rubuta. Na je ofishinsa sau biyu, ya ce fom bai zo ba tukuna."

Fom ba zuwa yake yi ba, sakatare ke buga shi. Shekwolo ya san haka. Ya san gidauniya na rufe karɓa ranar talatin ga wata, ya san sunan wanda za a rubuta wa kai tsaye idan ƙungiya ta yi sakaci, ya san irin wasiƙar da ke sa kwamiti ya tsaya ya karanta. Aikin awa biyu ne. Yarinyar ta fito da takardun sakamakonta ta miƙa masa. Ya duba sama-sama, ya ga ta fi Jiya a lokacinsa. Ya mayar mata.

"Ki sake komawa wurinsa. Aikinsa ne."

Ta ɗan jira ko zai ƙara wani abu. Da ta ga ya ɗauki jarida, ta tattara takardunta, ta yi godiya, ta tafi.

Elizabet ta raka ta bakin ƙofa ta dawo ta tsaya a kansa.

"Baban Yona, ka san abin da za ka gaya mata."

"Na sani."

"Ita ba ta yi maka komai ba."

"Na sani, Maman Yona."

Ta ɗauki kofin ruwan da yarinyar ba ta sha ba ta wuce kicin. A shekarar da ta biyo baya babu wanda ya tafi horo daga ƙungiyar. Halimatu ta gama jami'a ta kama koyarwa a Kontagora.